Bayit 4096 da ƙuri'ar da aka damƙa mini

Saura minti arba'in a rufe karɓar aiki, autanmu ya ɗago kai daga kwamfutarsa ya ce, "Yaya, bayit goma sha tara ne suka yi mini yawa." Na ce to cire su mana. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a yanke wa raƙumi tozo don ya shige ta ƙofar zaure, ya mayar da kansa ga allo. Wata huɗu ya yi yana wannan aikin bayan ya taso daga makaranta, ni kuma na hau jirgin ƙasa na zo don in ga inda barcinsa yake tafiya. A lokacin ban san mene ne bayit ba, balle in san dalilin da goma sha tara za su sa saurayi gumi cikin sanyin Jamus.

Wurin shi ne Saarbrücken, gari a bakin iyakar Jamus da Faransa. Taron sunansa Revision, ana yin sa kowace shekara lokacin hutun Ista, daga Juma'a zuwa Litinin, a wani tsohon zauren masana'anta da ake kira E-Werk. An fara shi a 2011, bayan wani taron mai suna Breakpoint da aka riƙa yi a garin Bingen daga 2003 zuwa 2010 ya tsaya. Kana shiga duhu ne zai fara tarbarka, sai dogayen tebura jere kamar na ɗakin jarrabawa, ɗaruruwan mutane kowa da na'urarsa, wayoyin lantarki sun yi ta sarƙewa a ƙasa. A can gaba akwai wani ƙaton allon majigi da lasifikoki waɗanda idan suka saki sauti a ƙirji kake jin sa kafin kunne. Wasu da jakar barcinsu suka zo, kwana uku ba su da niyyar ganin katifa.

Da ya ce mini gasar kwamfuta ce, na ɗauka wasan gem za su buga. Ba shi ba ne. Abin da suke yi sunansa demo, al'ummarsu kuma demosin. Demo ba bidiyo ba ne, ko da yake idan ka kalle shi a allo bidiyo za ka ce: hotuna suna motsi, kiɗa yana tafiya tare da su, minti uku ko biyar ya ƙare. Bambancin yana can ciki. Bidiyo an riga an ɗauka an ajiye, na'ura maimaitawa kawai take yi. Demo kuwa manhaja ce da take lissafa kowane hoto a daidai lokacin da kake ganin sa, ta zana, ta goge, ta sake zanawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Ba a danna komai, ba a cin maki, ba a sayar da shi. An yi shi ne don a nuna a zaure, sannan a sake shi kyauta a intanet.

Gasar kashi-kashi ce. Akwai ta kiɗa, ta zane, ta manyan demo da ba a taƙaita girmansu sosai ba, da ta tsofaffin na'urori. Sai kuma waɗanda aka ɗaure da ma'auni: kilobayit 64, kilobayit 4, har da bayit 256. Autanmu na kilobayit 4 ya shiga, wato duk abin da zai nuna, hoto da kiɗa da motsi, dole ya shige cikin fayil ɗin da bai wuce bayit 4096 ba. Bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne. Saƙon tes na waya haruffa 160 yake ɗauka, don haka 4096 bai kai saƙo 26 ba. Wannan rubutun da kake karantawa ya ninka shi wajen sau uku. Hoton da ka ɗauka da wayarka jiya a wurin biki ya ninka shi sau ɗaruruwa. Idan fayil ɗinka ya kai 4097, ba ka cikin gasar, ko da kai ne ka haifi alƙalin.

To ta yaya minti uku na hoto da kiɗa za su shiga inda hoto guda bai shiga ba? Na yi masa wannan tambayar ta fi sau biyar kafin in gane, kuma ba bayaninsa ne ya fahimtar da ni ba, tuna maɗinkin babanmu na yi. Idan Baba ya kai shadda ya ce "aska takwas," kalma biyu ya faɗa, amma aikin da zai fito a ƙirjin rigar na makonni ne. Bai kai hoton zanen ba, bai ƙirga zare ba. Ƙa'idar zanen tana kan maɗinki, kalmomin sun tashe ta ne kawai. Haka 'yan kilobayit 4 suke yi. Ba sa ajiye hoton dutse ko na teku. Suna rubuta ɗan gajeren lissafi ne wanda zai amsa tambaya ɗaya: daga wannan wurin, ina ne abu mafi kusa, kuma nisansa nawa? Sai katin hoton kwamfuta ya ɗauki kowane ɗigo na allo, ya harba wani layi daga idon mai kallo zuwa cikin wannan duniyar ta lissafi, yana takawa yana tambaya har ya ci karo da wani abu, sannan ya yanke launin da ɗigon zai ɗauka gwargwadon haske da inuwa. Ɗigo miliyan biyu ne a allo na yau da kullum, kuma kowanne sai an yi masa wannan tafiyar a kowane hoto. Kiɗan ma ba a naɗe yake ba. Akwai 'yar ƙaramar manhaja a cikin fayil ɗin da take ƙera sautin ganga da na sarewa daga lissafi, a ba ta jerin amo ta kaɗa.

Wanda kowa a zauren yake ambata idan ana wannan zancen shi ne Elevated, aikin ƙungiyoyin RGBA da TBC da ya ci gasar kilobayit 4 a Breakpoint na 2009. Duwatsu ne masu ƙanƙara a kai, da ruwa, da hazo, kyamara tana shawagi a kansu kamar daga jirgin sama aka ɗauka. Babu dutse ko ɗaya a cikin fayil ɗin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shi, Iñigo Quilez, ɗan Sifen, daga baya ya yi aiki a kamfanin fina-finan Pixar, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Shadertoy, shafin intanet na irin wannan zanen lissafi, inda autanmu ya koyi rabin abin da ya sani.

Mu koma ga goma sha taran nan. Bayan an gama rubuta manhajar, sai a matse ta da wata manhajar matsi, wadda aka fi amfani da ita sunanta Crinkler, wasu 'yan Denmak biyu suka yi ta. Matsin yana cin riba ne daga maimaici: duk abin da ya taɓa fitowa a baya, fitowarsa ta biyu arha ce. Shi ya sa lissafin yake juye wa. Kana iya goge layi guda fayil ya ƙara girma, saboda wani layin can ƙasa da shi yake jingina. Kana iya ƙara abu ya ragu. Ina zaune kusa da shi na ga ya bi lambobin da ke cikin aikinsa ɗaya bayan ɗaya, inda ya rubuta 0.48 ya mayar 0.5 saboda akwai 0.5 a wasu wurare, ya matse, ya jira, bayit uku suka tafi. Ya sauya jerin layi biyu, biyu suka dawo. Wani Bature mai furfura da ke teburin baya, wanda ba su taɓa haɗuwa ba, ya leƙo ya nuna masa wani wuri da yatsa ya yi magana ƙasa-ƙasa, bakwai suka tafi a take. Daga baya na ji cewa shi ma mutumin a wannan gasar yake. Ƙarshe dai sai da ya sadaukar da wani ɗan walƙiya da ya sa a kan ruwa, abin da ya ce ya ci masa mako guda. Ya miƙa aiki a 4094, saura minti shida.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa, don su kansu suna gardama a kanta. Fayil ɗin nan ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana hawa kan Windows ne, da manhajar katin hoto mai ɗaruruwan megabayit, da katin da kuɗinsa ya fi albashin wata na mutane da yawa. Maɗinkin yana nan, ƙwararre ne kuma, kalma biyun ba su ɗinka riga su kaɗai ba. Wannan bai rage wahalar aikin ba, tunda kowa da irin wannan maɗinkin yake gasa, amma masu riƙe da tsofaffin na'urori sukan yi murmushi idan aka zo nan, domin su babu wanda yake ɗaukar musu kaya.

Asalin abin ma daga wurinsu yake, kuma asalin ba na alfahari ba ne sosai. A shekarun 1980, bayan fitowar kwamfutar Commodore 64 a 1982, samari a Jamus da Holan da ƙasashen arewacin Turai suka ƙware wajen fasa kariyar da kamfanoni suke sa wa wasannin kwamfuta don hana kwafa. Satar fasaha ce, babu wani suna. Wanda ya fasa sai ya liƙa ɗan shafi a farkon wasan mai ɗauke da laƙabinsa da na ƙungiyarsa, da rubutu yana gudu a ƙasan allo yana yabon kansa, yana gaida abokai, yana zagin abokan hamayya. Kirari ne sak, irin na ɗan dambe kafin ya shiga fage. Da tafiya ta yi tafiya sai kirarin ya fi wasan jan hankali. Aka fara gasar wa zai sa na'ura ta yi abin da masu ƙera ta ba su san za ta iya ba, aka yar da wasan aka riƙe shafin. Ana aika faya-fayan fulofi ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa, ana haɗuwa a ɗakunan makaranta lokacin hutu don a kwafa. Waɗannan haɗuwar su ne kakannin taron da nake zaune a ciki. Laƙabin bai mutu ba, har yau mutane da shi suka san juna, wani shekara ashirin suna abota bai san sunan yankan abokinsa ba. Gaisuwar ma tana nan: kusan kowane demo yana da wurin da sunayen wasu ƙungiyoyi suke wucewa a allo, kuma duk ƙungiyar da ta ga sunanta sai ka ji ihu daga kusurwarta.

Daga nan abin ya girma. Taron Assembly ya fara a Finland a 1992, kuma a na 1993 ƙungiyar Future Crew ta fito da Second Reality, wanda ya nuna cewa kwamfutar ofis ma tana iya abin da ake ganin sai Amiga, wata kwamfutar gida ta kamfanin Commodore. Wasu daga cikin irin waɗannan samarin suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin wasanni na Remedy a 1995, kamar yadda kamfanin DICE na Suwidin ya fito daga ƙungiyar The Silents. A 2020 Finland ta sa demosin cikin kundin al'adun gadonta, Jamus ta bi sahu a 2021. Kundin na Jamus shi ne wanda al'adar gasa burodinsu take ciki. Abin da ya fara da yara masu gudun 'yan sanda ya zauna kusa da burodi.

Inda na fi shan wahala a matsayina na baƙuwa shi ne gasar tsofaffin na'urori. Za a nuna wani abu mai manyan ɗigogi kamar tabarmar kaba, launi kaɗan, kiɗa yana ƙyar-ƙyar, wani akwati yana juyawa. A idona bai kai fitilar shagon aski ba. Sai zaure ya ɓarke da tafi, manya masu tumbi suna miƙewa tsaye suna kururuwar "Amiga!" Abin da suke tafa wa ba ya kan allon. Yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da aka gani da abin da na'urar ya kamata ta iya, kuma wannan tazarar sai wanda ya san na'urar yake ganin ta. Misalin da aka ba ni shi ne 8088 MPH, wanda ya ci wannan rukunin a Revision na 2015. A kan kwamfutar IBM ta 1981 aka yi shi, mai katin hoton da aka sani da launi huɗu a lokaci guda, goma sha shida idan an matsa. Suka fitar da launi 1024. Wanda bai san huɗun ba, 1024 ba za ta ce masa komai ba, tunda wayar da ke aljihunsa miliyoyi take nunawa.

Kuma a nan ne matsalar da ta sa ni wannan rubutun take. Da na biya kuɗin shiga aka ɗaura mini abin hannu, aka haɗa mini da wata lamba ta sirri. Ita ce ƙuri'ata. A irin wannan taron ba wasu alƙalai ne a kan dandamali suke yanke wanda ya ci ba, mutanen zauren ne suke ba kowane aiki maki. Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa masu kallon su ne masu yin: wanda ke tafi yanzu shi za a tafa wa ko a yi wa shiru nan da awa ɗaya. A filin dambe 'yan kallo dubu ne, 'yan wasa ashirin, kuma ba a tambayar 'yan kallo wa ya yi kisa, ƙasa ce take faɗa. A nan babu ƙasa. Ra'ayin zaure ne kawai, kuma ƙuri'ata, ni da na koyi kalmar bayit jiya, nauyinta ɗaya da ta mai furfurar nan da ya shekara talatin a ciki.

Su ma sun san tsarin yana da rami. Suna da kalmar zargi ga wanda ya ba da maki saboda sunan ƙungiya ko don abota, ba don aikin ba, kuma bayan kowane taro sai an yi wannan ƙorafin. Akwai kuma tsohuwar gardama tsakanin abin da ya burge zaure da abin da ya fi wuyar yi. Aiki mai barkwanci da kiɗa mai tashi, idan aka nuna shi tsakar dare mutane sun sha sun yi nishaɗi, yana iya doke wanda ya warware matsalar da ta gagari kowa shekara goma. A ganina ramin ba aibi ne kawai ba. Da ƙwararru biyar ne suke yanke hukunci, da demo ya zama jarrabawar lissafi. Tsoron zaure shi ne yake tilasta wa mai lissafi ya nemi mai kiɗa da mai zane, ya koyi inda ake yanke hoto a kan bugun ganga. Amma tsarin yana tsayawa ne muddin irina ba su yi yawa ba. Da kowane ɗan gasa zai zo da yayye biyar, an gama.

Tunda na ambaci sha, giya tana yawo a wurin kamar ruwa, kuma wanda zai raka ɗan'uwa ya san da haka tun daga gida. Babu wanda ya matsa mana, babu wanda ya kalle ni sau biyu don mayafina, salla kuma muka riƙa lallaɓawa wani lungu mai shiru. Mata ba su da yawa. Baƙaƙen fata kuwa, a iya ganina, yatsun hannu sun ishe ni ƙirga mu. Yawancin mutanen sun haura arba'in, wasu da 'ya'yansu suka zo an toshe musu kunne da abin kare ƙara, shi ya sa ganin saurayi sabon shiga yake faranta musu rai fiye da yadda na zata.

Da dare ya yi aka kashe sauran fitilu, kowa ya bar teburinsa ya matso gaba. Kafin kowane aiki sai a nuna lambarsa da sunansa da laƙabin mai shi. Sananniyar al'ada ce masu shiri su ajiye waɗanda suke ganin sun fi ƙarfi zuwa ƙarshe, don haka kowane ɗan gasa addu'a yake kada sunansa ya fito da wuri. Na autanmu ya fito da wuri. Na ji ya saki numfashi. Sai allo ya yi baƙi, wani ɗan layi yana cika a hankali yayin da manhajar take ƙera kiɗanta, kuma waɗannan daƙiƙun su ne mafi tsawo, domin a nan ne aiki yake mutuwa idan zai mutu, gaban kowa. Bai mutu ba. Ruwa ya bayyana, faffaɗa, da wasu ginshiƙai suna fitowa daga cikinsa, rana tana faɗuwa a bayansu. Ni kaɗai da shi muka san akwai walƙiyar da babu. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau kamar an ciro daga randa. Aka yi tafi na mutunci, wani daga baya ya yi fito, aka wuce na gaba.

Waɗanda suka biyo baya sun fi nasa. Ko ni na ga haka, kuma wannan ya ba ni haushi, don na so a ce jahilcina zai kare ni. Na buɗe shafin zaɓe a wayata na daɗe ina kallo. Na ba shi cikakken maki, ba zan yi ƙarya ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Amma na ba wasu uku cikakken maki su ma, waɗanda suka sa na manta da shi na ɗan lokaci. Rukunin tsofaffin na'urori kuwa ban taɓa shi ba, na bar wa masu ganin abin da ba na gani.

Ranar Litinin aka sanar da sakamako, bai shiga ukun farko ba, bai ma kusa ba. Ko da ma ya ci, kyautar ba wata tsiya ba ce, ba za ta biya kuɗin jirgi da masauki ba. Muna naɗe wayoyi sai ga mai furfurar nan ya dawo da wani abokinsa, suka ja kujera suka ce ya buɗe musu rubutun, suna son ganin yadda ya yi inuwar ginshiƙan a kan ruwa da 'yan layuka kaɗan haka. Suka yi kusan awa ɗaya a kai, har da gardama. Abokin mai kiɗa ne, ya ce kiɗan autanmu shi ne raunin aikin, in yana so su haɗa hannu baɗi. Ban taɓa ganin an ce wa yaron nan aikinsa yana da rauni ya yi irin wannan fara'ar ba.

A jirgin komawa Hajiya ta kira. Ta ce, "Ya ci?" Na ce bai ci ba. Ta ce, "To me aka ba shi?" Na ce ba a ba shi komai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce in ba ta shi. Ina jin sa yana cewa, "Hajiya, dubu huɗu da casa'in da huɗu fa, har da ragowar biyu," ita kuma tana tambaya ko kuɗin Jamus ne ko naira.